Shari'a a Zaure, Shari'a a Kotu

Idan damina ta kawo kai a ƙasar Karaye da Rogo, rigimar iyakar gona ita ma sai ta farka. Wa ya ce ƙane ya ci masa kunya biyu, ƙane ya rantse nan mahaifinsu ya dasa gamba. To, ina za a kai maganar?

Kakanninmu suna da tsani. A fara da maigida, sai mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi. A 1968 kotunan alkalai suka fita daga hannun En'e suka koma na gwamnatin jiha, amma zauren mai unguwa bai mutu ba. Kotu tana faɗin wanda ya ci. Zaure kuwa so yake mutanen nan biyu su iya gaisawa gobe a bakin rijiya.

Ashe ba mu kaɗai muka san wannan ba. A Amurka akwai wata kabila ta 'yan asalin ƙasar, sunanta Nabaho. Suna da kotunan kansu tun 1959, amma bisa tsarin Turawa. Da suka ga ana gama shari'a zumunci yana watsewa, sai a 1982 suka kafa kotun sulhu. Wani dattijo da jama'a suka yarda da shi yakan tara masu rigima da danginsu. A buɗe da addu'a, kowa ya amayar da cikinsa, har a daidaita. Abin da aka shirya ana iya rubuta shi, alkali ya tabbatar. Wanda bai yarda ba, ƙofar kotu a buɗe take.

Darasi biyu ke nan gare mu masu bi. Na fari, kada mu raina zaure. Manzo Bulus ya tsauta wa Korintiyawa don suna jan juna gaban mahukunta, alhali akwai masu hikima a cikinsu. Na biyu, ba kowace al'ada ce gaskiya ba. Sau nawa gwauruwa takan rasa gonar mijinta, a ce mata haka aka gada? Sulhun da ya bar marayu da yunwa zalunci ne.

Saboda haka dattawan ikilisiya su saurari mace da yaro kamar yadda suke sauraron maigida. A rubuta abin da aka shirya, shaidu su sa hannu, a kai wa mai unguwa tun ba a yi shuka ba.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.