Kafin a ɗaure kaya, a leƙa mangaza

Kowace shekara, idan damina ta ja baya, cikin watan satumba da oktoba, ma'aikata da yawa suna samun takardar canjin wurin aiki. Malamin makaranta ya bar Tawa ya nufi Damagaram, malamin gona ya tashi daga Tasawa zuwa Madawa. Uwargida ta ɗaure tukwane, yara su naɗe tabarmi. Ɗaki guda ne ake mantawa da shi har ranar da mota ta tsaya ƙofar gida, wato garaji ko mangaza, inda aka shekara da shekaru ana jefa tarkace.

Lokacin da muka tare a gidan hayar da nake ciki yanzu, ɗana mai shekara huɗu ya fito daga garaji riƙe da kwalbar lemo, rabinta cike da wani ruwa mai launin shayi. Allah ya kiyaye, murfin ya yi masa tauri. Maganin ƙwari ne. Mutumin da ya tashi ba mugu ba ne, gaggawa ce ta sa shi. Shi ya san abin da ya juye cikin kwalbar, amma ya tafi da saninsa, ya bar mana dafin.

Saboda haka, jama'a, a ware yini guda, sati ɗaya kafin tashi. A buɗe ƙofa da taga iska ya shiga, a kore yara da bisashe, a rufe hanci, a sa leda ko safar roba a hannu. Kada a sunsuna kwalba don a gane abin da ke cikinta, kada kuma a haɗa ragowar wannan da ta wancan don rage kaya. Ruwan jabel idan ya gamu da ruwan batir, hayaƙi yake tayarwa mai ƙona huhu.

Maganin ƙwari shi ne babbar magana. Wanda ke cikin mazubinsa na asali, da takardarsa, lokacinsa bai wuce ba, ana iya ba manomin da zai yi aiki da shi, a karanta masa takardar. Wanda takardarsa ta goge, ko ya daskare, ko aka juye shi cikin wata kwalba, sai a kai shi gidan gona, wurin masu kula da lafiyar shuka. A tsofaffin mangazu har yanzu akan tarar da ragowar magungunan da aka yaƙi fara da su a da, irin su diyaldirin, wanda yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana, domin yana shekaru cikin ƙasa bai mutu ba. Irin wannan ba a zuba shi a gwalalo, ba a binne shi kusa da rijiya ko tabki, ba a ƙona shi.

Sai ƙwayar nan da ake sa wa wake, wadda manoma ke kira bom. Da ta ji laima sai ta fara fitar da iska mai guba, mai warin tafarnuwa, wanda ke iya kashe mutanen da ke kwance a ɗakin da ke maƙwabtaka. Kada ruwa ya taɓa ta, kada a sa ta cikin motar da mutane ke ciki. A bar ta cikin gwangwaninta a rufe, a miƙa ta gidan gona. A sabon gida kuwa, buhu mai ruɓi uku yana ajiye wake ba da magani ba.

Bidon magani da ya ƙare shi ne ke ba ni tsoro, domin yana da kyau, kowa yana so. Na sha ganin irinsa a kasuwa cike da man gyaɗa ko nono. Sabulu da toka ba su fitar da abin da roba ta sha. A ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi, sa'an nan a huda gindinsa da wuƙa. Maƙwabciya za ta ce an yi mata rowa. A yi mata bayani, a ba ta bokiti.

Tsohon batirin mota ko na hasken rana a mayar wa mai sayar da batir, a tsaye, ba a zubar da ruwansa ba. Kada a fasa shi a gida don neman dalma. A Thiaroye, bakin birnin Dakar, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 sun rasu saboda ƙurar dalma a unguwar da ake fasa batura. Ƙananan baturan tocila ma a tara su nesa da wuta. Mu malamai mun daɗe muna fasa su don baƙanta allo. Ya kamata mu bari. Mafi haɗari shi ne ɗan ƙaramin nan mai kama da maɓalli: idan yaro ya haɗiye shi, cikin awa biyu yana iya ƙona masa maƙoshi.

Baƙin mai a kai wa makaniki. Magungunan likita da suka wuce lokaci a mayar farmasi ko gidan likita, domin abin da aka jefa juji yara ne ke tsince shi. Kananzir da fenti, idan dole a tafi da su, a toshe bakinsu sosai, a ɗora su nesa da buhunan hatsi.

Idan tsautsayi ya faɗa, yaro ya sha wani abu, kada a sa shi amai, musamman in kananzir ne, domin yana komawa huhu. Kada a ba shi nono ko mai. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya gidan likita, a tafi da kwalbar likita ya gani.