Ciki da Haƙuri Ke Kai Mutum Ƙarshen Gudun Dogon Zango

Gudun fanfalakin da aka saba gani a talabijin kilomita 42 ne da 'yan kai. Duk tseren da ya zarce haka ya shiga sahun gudun dogon zango, kuma da yawansu a daji ake yin su, kan duwatsu da turbar makiyaya, inda mota ba ta shiga. Masu farawa sukan soma da kilomita 50, daga nan a haura 100, har zuwa 160. Wanda ya fi suna shi ne na zagaye dutsen Mont Blanc, da aka fara a 2003: ana tashi daga garin Chamonix na Faransa, a ratsa Italiya da Suwizalan, a dawo bayan kimanin kilomita 170, da hawan da in an tara shi ya kai mita 10,000. Mai jin wannan lissafi zai ɗauka aikin ƙarfafa ne masu saurin barewa. A ganina kuwa, abin da ke kai sabon shiga ƙarshen tseren shi ne iya tattalin jikinsa, sauri yana zuwa ne daga baya.

Dalilin yana cikin halittar jiki. Sukarin da hanta da tsoka ke ajiyewa ba ya wuce abin da zai riƙe mai gudu na wajen kilomita 30. A tseren da zai ci awa goma ko ashirin, dole a riƙa ci ana tafiya, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai dai cikin da ake girgizawa tun asuba ba ya son abinci. A rumfar hutu da tsakar dare za a tarar da mutum zaune a kujerar roba, fitila ɗaure a goshi, tafin ƙafa ya yi bororo, an miƙa masa romo mai gishiri da dafaffen dankali, yana kallonsu zuciyarsa na tashi. Ƙafafunsa suna da sauran ƙarfi, cikinsa ne ya ƙi, kuma wannan na daga manyan dalilan da ke sa a janye. Ruwa ma yana da tarkonsa. Wanda ya yi ta kwankwaɗa fiye da gumin da yake zubarwa, gishirin jininsa yakan tsinke har kai ya juye. Binciken da aka yi kan masu gudun fanfalaki na Boston a 2002 ya nuna kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun kammala da wannan matsala. Shan maganin ciwo irin ibuprofen a irin wannan hali kuwa yana iya taɓa ƙoda.

Wani zai ce tunda ana tsayawa a ci, ana kuma takawa da ƙafa a wajen hawa, ai an daina gudu, an koma yawo. Amma zakarun da kansu takawa suke yi in hawa ya yi tsanani, wasu har da sanduna biyu, domin gudu a nan asarar numfashi ne kawai. Gangara ce ma ke cin cinyoyi, mai rawar kai da ya sake ta da gudu tun farko yakan kasa sauka ko da tudu ɗaya a ƙarshe. A 1983 wani manomi ɗan shekara 61, Cliff Young, ya lashe tseren kilomita 875 daga Sidni zuwa Melbon a Ostareliya da ɗan sassarfa, yana tafiya yayin da matasa ke barci. Duk da haka, a nan sannu tana iya hana zuwa, saboda akwai ƙa'idar lokaci. A tseren Comrades na Afirka ta Kudu, da ake yi tun 1921, awa 12 na cika jami'i zai juya wa masu tahowa baya ya harba bindiga, ko taku biyu ya rage maka ka rasa lambar yabo.

Suka mafi nauyi ita ce ta haɗari, kuma ba a kore ta da baki. Ranar 22 ga Mayu 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, iska da ƙanƙara suka afka wa masu tseren kilomita 100 a kan tsauni, mutum 21 cikin 172 suka mutu, har da gwani irin Liang Jing. Sanyi ne ya kashe su. Yawancinsu gajeren wando da 'yar riga ke jikinsu, masu shirya tseren ba su tilasta ɗaukar rigar sanyi ba, sai wani makiyayi ne ya ja mutum shida cikin kogo ya hura musu wuta. A Mont Blanc ba a barin kowa ya tashi sai da rigar ruwa, bargon gaggawa, fitila, usur da waya. Haɗarin bai ƙare ba, amma mafi yawansa sakaci ne da za a iya toshewa.

Akwai kuma mai cewa wahalar banza ce ta waɗanda ƙoshi ya yi wa yawa, alhali fatake sun taka zuwa Gwanja neman goro, alhazan zamanin da kuma sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa. Gaskiya ne larura ta tura waɗancan, waɗannan sha'awa. Ilimin dai iri ɗaya ne, na sammako da guzuri da sanin zango. Mai son gwadawa ya zaɓi kilomita 50, ya ba kansa watanni yana atisaye a irin ƙasar da za a yi tseren, ya gwada abincinsa da takalminsa tun a lokacin. In yana da hawan jini ko ciwon zuciya, ya fara ganin likita kafin ya biya kuɗin rajista.