Gada ce ko kusu?

 Yau zancen farauta za mu yi, kuma wata 'yar dariya ce ta jawo shi.

Ranin da ya wuce yayana ya goya matarsa a babur zuwa gonarsu ta shinkafa da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, bindigar toka rataye a kafaɗa. A Amurka miji da mata kan yanki lasisi su tafi harbi tare a lokacin da hukuma ta ware. Ita kam abinci ta raka shi kai wa 'yan aiki, farautar ce ta same ta. Ya kutsa cikin duhuwa, aka ji ƙara, sai ga shi yana taƙama da abin da ya riƙo da hannu ɗaya. Ta ce, "Maigida, wagga gada ta ko kusu na? Ai kuɗin albarushin sun hi naman!"

Mun sha dariya a gida. Amma da na duba da kyau, ɗan gada ne, da alama ko nono bai bari ba.

To ga inda matsalar take. Gada dama can ƙarama ce, babbarta ba ta cika wuce kilo 25 ba, shi ya sa mai harbi cikin gaggawa ba ya tsayawa bambance uwa da ɗa. Kuma gada da barewa duk ɗabi'arsu ɗaya: uwa ta ɓoye jaririnta a ciyawa ta tafi kiwo, shi kuma ya lafe, ko motsi ba ya yi. Ka ga samunsa ba wata bajinta ba ce. Kusan wata shida take ɗauke da ciki, kuma galibi ɗa ɗaya take haifa. Ka kashe shi, wahalar rabin shekara ta tafi a loma huɗu. Haɗa da cinna wa daji wuta da karnuka da sarar itace, sai ka gane dalilin da ya sa barewar da kakanninmu ke ba da labari ta koma sai a karin magana.

Abin da ke ba ni haushi, mun san maganin. A Matan Fada ana hana su har sai ranar biki, kifi ya samu ya girma. Bikin nan tun 1934 ake yin sa, UNESCO ma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Ruwa na da Sarkin Ruwa mai cewa a dakata, kuma ana jin maganarsa. Mafarautanmu ma suna da shugabanni, me zai hana su sa irin wannan doka a daji?

Yayana dai ya jingine bindigar. Ba wa'azina ya ji ba, matarsa ce har yau in baƙi suka zo take kiran sa Sarkin Bakan kusa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.