Gudawar Hunturu da Sirrin da ke Bangon Hanji

A unguwar Mabera, da zarar an ambaci amai da gudawa, damina ce ke faɗo wa mutane a rai, lokacin da magudanai ke cika su tumbatsa, ruwa ya kwanta a lunguna har ya shiga gidaje. Tsoron yana kan hanya, domin a irin wannan hali kwalara ke samun gindin zama. Amma gudawar da ta fi kwantar da jarirai a ƙasar Hausa ba ta jiran ruwan sama. Da sanyin hunturu ta fi tsananta, kuma mai kawo ta wata ƙwayar bairos ce da ake kira rota. Yaro ya kwana yana amai, gari ya waye yana zawo tsululu, ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, kaka ta leƙa bakinsa ta ce haƙori ne.

Abin ɗaure kai shi ne, yara biyu a ɗaki ɗaya, kofi ɗaya suke sha, ɗaya ya galabaita, ɗayan kuwa ko gezau. Sai ka ji an ce ai wancan jininsa ne mai ƙarfi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ba ƙarfi ba ne.

Rukunin jinin da ake rubuta wa mutum a asibiti, A ko B ko AB ko O, wasu 'yan mitsi-mitsin sassan sukari ne da ke lulluɓe da jajayen ƙwayoyin jini. Ba ruwansu da ciwon suga, kuma ba su ne AA da AS da ake aunawa kafin aure ba. A jikin yawancin mutane, waɗannan sassa da danginsu suna fitowa a yawu, da nonon uwa, da majinar da ta shafe bangon hanji. Wata ƙwayar gado mai suna FUT2 ce ke da alhakin fito da su can. Wanda tasa ba ta aiki, hanjinsa ba ya ɗauke da su, kuma a Turai kusan mutum 1 cikin 5 haka yake.

Bairos ba ya shiga jiki sai ya sami abin da zai kama, tamkar ƙarangiya da ke maƙalewa a zani amma ta zame a jikin leda. An gane cewa sassan sukarin nan na cikin abin da ake kamawa ne daga bairos ɗin noro, shi ma mai kawo amai da gudawa, wanda ya sami sunansa daga garin Norwalk na Amurka, inda ya ɓarke a wata firamare a 1968. An yi ta ba masu sa kai ƙwayar su haɗiye, wasu su kwanta, wasu ba abin da ya same su. Sai a 2003 aka tabbatar cewa waɗanda FUT2 ɗinsu ba ta aiki, wannan nau'in ba ya kama su.

Inda maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne kan rota, wanda Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano a Ostireliya a 1973. Nau'insa da ya fi yawa a duniya, P8, ya fi kama yaran da hanjinsu ke fitar da sassan nan. Wani bincike kan yaran Burkina Faso da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa wani nau'in, P6, ya fi afka wa yaran da ba su da wata alamar jini da ake kira Lewis. Irin waɗannan yara ƙalilan ne a Turai, a Burkina kuwa sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan na iya zama dalilin da P6 ya yi yawa a Afirka. Wanda ya tsira daga wani nau'i, wani na jiran sa.

Ƙwayoyin kuma ba a tsaye suke ba. Gadon rota yanki 11 ne, kuma idan nau'i biyu suka haɗu a hanji ɗaya, suna iya musayar yankuna a haifi sabon nau'i, har da na dabba da na mutum. Wanda ya san yadda muke kwana da awaki da shanun kiwo a tsakar gida zai fahimci me ya sa wannan ba labarin nesa ba ne. Shi kuwa noro kamanninsa yake sauyawa kaɗan-kaɗan don garkuwar jiki ta kasa gane shi. Haka aka sami samfurin New Orleans a 2009, na Sydney ya ture shi a 2012.

Wannan bambancin hanji yana cikin abubuwan da masana ke zargi da rage kaifin rigakafin rota a wajenmu, tare da tamowa da yawan cututtukan ciki. A ƙasashe masu arziki kariyarsa daga gudawa mai tsanani ta haura kashi 85 cikin 100. A gwajin da aka yi a Madarumfa ta jihar Maradi, wanda aka wallafa a 2017, kusan kashi 67 aka samu. A ganina, wanda ya raina wannan adadi bai taɓa tsayawa a ɗakin yara na asibiti ana neman jijiyar ƙarin ruwa a kan jariri ba.

Najeriya ta saka rigakafin cikin na yau da kullum a watan Agusta 2022. Ɗigo ne a baki, kyauta, a mako na 6 da na 10 da na 14 da haihuwa. Na noro kam har yanzu ana kan nema, sai dai wanke hannu da sabulu. Idan kuma zawon ya riga ya kama yaro, Flagyl ɗin da ake rugawa kemis a saya ba ya taɓa bairos. Abin da ke ceto shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, da ƙwayar zinki ta kwana 10, da ci gaba da ba shi nono. In ya kasa sha ko ya yi laushi, a kai shi asibiti a daren, ba sai da safe ba.