Kwarin Goblin a Jihar Yuta: Dutsen Yashi da Nauyin da Ke Kan Maziyarci

A kudu maso gabashin jihar Yuta ta Amurka, cikin gundumar Emery, akwai wani kwari da ake kira Goblin Valley, wato Kwarin Dodanni. Sunan ya samo asali ne daga dubban duwatsu jajaye gajeru da suka cika shi, kowanne da ƙaton kai bisa siririn wuya, kamar laimar kwaɗi. Hasali ma Arthur Chaffin, wanda ya ci karo da wurin a ƙarshen shekarun 1920 sa'ad da yake neman hanya tsakanin Green River da Caineville, sunan laimar kwaɗin ya raɗa masa da ya komo a 1949 ya ɗauki hotunansa. A 1964 gwamnatin jihar ta mayar da shi gandun shaƙatawa ƙarƙashin kulawarta.

Domin fahimtar abin da ido ke gani, wajibi ne a koma baya kimanin shekaru miliyan 170. A wancan zamani yankin gaɓar wani teku ne marar zurfi, ruwa na hawa yana sauka, yana shimfiɗa yashi da laka hawa-hawa. Da tafiya ta yi tafiya sai shimfiɗun suka daskare suka zama dutsen da masana ke kira Entrada. Sai dai ba ƙarfinsu ɗaya ba: na yashi ya fi na laka tauri. Daga baya dutsen ya tsattsage, ruwan sama ya riƙa shiga tsagogin, da hunturu ya ƙanƙare ya ƙara buɗe su, kusurwoyi suka yi ta zaizayewa har kowane gutsure ya mulmule. Shimfiɗar laka da ke ƙasa kuwa ta fi saurin cinyewa, shi ya sa kai ya fi wuya girma. Ma'anar wannan ita ce kowane dodo yana kan hanyar faɗuwa ne, sai dai a hankali, bisa lissafin da ya zarce rayuwar ɗan Adam.

A nan ne matsalar ziyara take. A cikin kwarin an bar mutum ya ratsa tsakanin duwatsun yadda ya ga dama, ba tare da shinge ba, abin da ba kasafai ake samu a irin waɗannan wurare ba. A watan Oktoba na 2013 wasu jagororin 'yan sikawut suka ture ɗaya daga cikin duwatsun, suka ɗauki bidiyo suna shewa, suka sa a intanet. Hujjarsu ita ce dutsen yana lilo, suna tsoron kada ya faɗa wa yaro. Ƙungiyar ta sallame su, kotu kuma ta hukunta biyu daga cikinsu. A ganina hujjar ba ta da tushe, domin in don lilo ne, da yawan duwatsun kwarin a haka suke tsaye. Abin da ya kamata shi ne su sanar da ma'aikatan gandun.

Game da kwana, akwai zango mai wuraren kafa tanti ashirin da 'yan kai, da wasu bukkoki biyu masu zagaye irin na makiyayan Mongoliya, kuma a lokacin cunkoso sai an kama wuri tun da wuri. Garin Green River yana da nisan kusan kilomita 80, saboda haka mai da ruwa da guzuri a tanade su kafin a kama hanya. Da bazara zafi kan kai digiri 38, inuwa kuwa ba ta da yawa. Abin da ya fi zafin haɗari shi ne ambaliya: ruwan da aka yi a nesa yana iya cika matsattsun kwazazzabai na kusa, irin su Little Wild Horse, alhali sama tana garau a inda mutum yake. A 2020 irin wannan ambaliya ta yi ajalin yara biyu a can.

Wannan nisa da garuruwa shi ne kuma ya ba wurin darajarsa ta dare. A 2016 aka sanya shi cikin jerin gandayen duniya masu duhun sama, inda hasken lantarki bai dusashe taurari ba. Wanda ya kwana a zangon cikin daren da babu farin wata yana iya ganin farin zirin taurarin nan da ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan, da ido kawai.