Aminiyar da Ke Son Ta Zama Ke

Daga gadar Dangi zuwa Court Road a Gyadi-Gyadi cikin Kano, shagunan masu tura fim a waya ba sa rabo da matasa, musamman bayan la'asar. Wannan ya ce a sa masa Indiya-Hausa, wancan na Amurka. Cikin abin da ake turawa akwai wani nau'i mai tayar da tsigar jiki ba tare da aljani ko bindiga ba, inda mugun aboki ne na ƙut-da-ƙut, ciwon kuma yana cikin kansa.

Fitacce a wannan fanni shi ne Single White Female na 1992, wanda Barbet Schroeder ya ba da umarni. Allie, wata budurwa a New York, ta yi cigiyar wadda za su zauna gida ɗaya, sai Allah ya haɗa ta da Hedy, mai kunya da ladabi. Sannu a hankali Hedy ta fara sa irin kayanta. Ranar da suka je gyaran gashi, ta sauko daga bene da gajeren jan gashi sak na Allie, har mai kallo ya rasa wace ce wace. Ashe tagwaye ne su Hedy, 'yar'uwarta ta mutu tun suna yara, gurbin nan take neman cikewa ko da jinin wani.

A 1999 Matt Damon ya fito a The Talented Mr. Ripley a matsayin talakan da ya kashe abokinsa ɗan masu kuɗi a Italiya, ya ari sunansa. Masu kallon Indiya kuwa ba su manta Ajnabee na 2001 ba, inda Akshay Kumar ya ja maƙwabcinsa Bobby Deol a jiki a Siwizalan, ya ɗora masa laifin kisa.

Cin amanar aboki ba baƙon jigo ba ne a Kannywood, wadda ofisoshinta da dama ke Zoo Road, taku kaɗan daga Gyadi-Gyadi. Aminiyar da ta san sirrin gida ta aure mijin ƙawarta, an yi ta har an gaji; da ɗan gari kan ci gari. Sai dai galibi dalilin ba ya wuce kwaɗayi ko asirin boka, kuma tun fitowar farko kallonta ya tona ta. Nan ne raunin yake. Mai kallo bai taɓa yarda da ita ba, balle ya ji zafin yaudarar.

Yanzu uzurin cewa lokacin fim ɗaya bai isa a gina wannan yardar ba ya kau. Tun da Aminu Saira ya fara Labarina a 2020, fina-finai masu dogon zango suka mamaye kasuwa, kuma marubuci na da makonni da zai sa 'yan kallo su so aminiyar, su ji tausayin kaɗaicinta, kafin ranar da za ta shigo falo sanye da mayafin matar gida.