Babi na Huɗu: Tasirin Maganin Sa Barci ga Tsawon Rayuwar Masu Sankarar Tumbi

4.1 Gabatarwa

Sankarar tumbi tana daga cikin cututtukan da ke yawan kisa a duniya. Ƙididdigar shekarar 2020 ta nuna cewa fiye da mutum miliyan 1 suka kamu da ita, kimanin 769,000 kuma suka rasu. Tun daga 1881, lokacin da Theodor Billroth ya yi nasarar yanke wani sashe na tumbi a birnin Biyana, tiyata ita ce babbar hanyar magance ta. Wannan babi zai duba ko irin maganin sa barcin da aka zaɓa yana da hannu wajen tsawon rayuwar majinyaci.

4.2 Hanyoyin Sa Barci

Hanyoyi biyu suka fi shahara. Ta farko ita ce shaƙa wa majinyaci tururin magani, kamar sebofuluren. Ta biyu kuwa ita ce ɗura masa maganin furofofol ta jijiya har a gama aiki. Wani lokaci akan haɗa da allurar gadon baya domin kashe zafi.

Dalilin damuwar masana shi ne, yayin tiyata wasu ƙwayoyin sankara sukan kuɓuce su shiga jini, a daidai lokacin da garkuwar jiki ta raunana. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi da ƙwayoyin halitta sun nuna cewa maganin shaƙa yana rage kuzarin ƙwayoyin garkuwa masu kashe sankara, alhali furofofol bai cika yin haka ba.

4.3 Sakamakon Bincike

A 2016, Wigmore da abokan aikinsa sun duba bayanan majinyata kimanin 7,000 a asibitin Royal Marsden na Landan, suka ga waɗanda aka ɗura wa furofofol sun fi daɗewa a raye. Zheng da abokansa sun sami irin wannan sakamako a ƙasar Sin a 2018, ga masu sankarar tumbi 2,856. Amma binciken Oh a Koriya ta Kudu a 2019 bai ga bambancin mace-mace cikin shekarar farko ba.

Raunin waɗannan bincike shi ne, tsofaffin fayiloli aka duba. Mai yiwuwa ne likita ya zaɓi maganin shaƙa ga wanda jikinsa ya fi tsanani, sai a ɗora wa magani laifin cuta. Domin kauce wa haka, akan raba majinyata ta hanyar ƙuri'a. Da aka yi hakan a Sin ga tsofaffi fiye da 1,200 masu sankara iri-iri, sakamakon da ya fito a 2023 bai nuna bambanci tsakanin magungunan biyu ba. Haka nan gwajin 2021 a kan allurar gadon baya bai nuna ƙarin tsawon rai ba.

4.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa fifikon furofofol bai tabbata ba a gwajin ƙuri'a. Abubuwan da suka fi tasiri su ne matakin da cutar ta kai kafin a gano ta, da cire ƙarin gaba ɗaya tare da kaluluwar da ke kewaye da shi, da kuma maganin kashe sankara. Saboda haka ya kamata zaɓin maganin sa barci ya dogara ga lafiyar zuciya da huhun majinyaci, da ƙwarewar likita, da kayan aikin da asibiti yake da su.